Wasan Fayis da Tarihin Gasar Makarantu a Ƙasar Katsina

Duk lokacin da aka ambaci Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, abin da ke fara zuwa a zukatanmu shi ne manyan mutanen da ta yaye, irin su Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah Ya jiƙan su da rahama. Ba kasafai mukan tuna cewa wannan 'yar ƙaramar makaranta mai ginin ƙasa ta bar mana wani gado a fagen wasanni ba, wato wasan fayis.

Wani malamin makaranta Bature mai suna Hogben ne ya kawo wasan a shekarun 1920, lokacin da yake koyarwa a Katsina da Birnin Kabi. Asalinsa daga makarantar Eton ne ta ƙasar Ingila. Fili ne mai bango uku, gaba da dama da hagu, bayansa a buɗe, inda mutum biyu ke karawa da biyu, suna dukan ƙwallo da tafin hannu tana bugun bango tana dawowa. A Ingila ƙwallon mai tauri ce, har sai an sa safar hannu. Da aka zo nan sai aka ga tana ɓantare bangon ƙasa, saboda haka aka koma ga ƙwallon tanis, aka kuma ajiye safar. Wannan sauyi, a ganinmu, shi ne ya raya wasan, domin ya zama duk garin da ke da magina da ƙwallo ɗaya zai iya shiga gasa.

Ɗaliban kwalejin daga larduna daban-daban suke zuwa, kuma akasarinsu aikin malanta suke komawa yi. Kowa ya tafi da wasan garinsu. Sardauna, wanda ya yi karatu a nan daga 1926 zuwa 1931, gwani ne ƙwarai, bai kuma daina bugawa ba har bayan ya zama Firimiyan Jihar Arewa. A wata ziyara da ya kai Ingila ma sai da ya je Eton ya buga. Da sunansa ake kiran Gasar Kofin Sardauna. Kwalejin kuwa an mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa, amma fayis ya zauna daram a Katsina.

Gasar jami'o'i ta ƙasa, wadda aka fi sani da NUGA, a kan wani tsari daban aka gina ta. An fara ta a Ibadan a 1966 da jami'o'i 5 kacal: Ibadan da Nsukka da Ife da Legas da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Wasanninta su ne irin su guje-guje da tsalle-tsalle, ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, iyo da judo, waɗanda yawancinsu ke bukatar fili na musamman da masu horarwa da kuɗin tafiya. Shi ya sa manyan jami'o'i, musamman ta Fatakwal, suka daɗe suna kwashe lambobin yabo, ƙanana kuwa sau da yawa sai dai su je a gan su. Ko da yake Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi ta karɓi baƙuncin gasar a 2017, irin haka ba ya yawan faruwa.

Jiharmu, wadda aka ƙirƙiro a 1987, sai daga baya ta samu nata jami'o'in: Al-Ƙalam a 2005, Jami'ar Jihar Katsina a 2006, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, sai ta Tarayya da ke Dutsin-ma a 2011. Dukkansu ƙanana ne idan aka gwada su da ta Zariya. Ba laifi ba ne su nemi suna a NUGA, amma mu da ke zaune a Kaduna da Abuja da Legas mun sani cewa da yawa daga cikin 'ya'yanmu ba su taɓa ganin filin fayis ba, balle su san cewa wasan kakanninsu ne. Tsakanin birnin Katsina da Dutsin-ma tafiya ce da ake zuwa a dawo a yini guda, kuma har yanzu akwai dattawa a cikin gari da suka iya wasan, waɗanda za su iya koyar da ɗaliban jami'o'in uku idan aka gina musu fili a kowace harabar.