Sabana: kyanwar Amurka mai jinin dajin W

Daga Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo, matafiyi kan tsallaka zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin. Can arewa maso yamma kuma Gandun Dajin W yake, wanda aka kafa a 1954, sunansa kuma ya samo asali daga lanƙwasar Kogin Kwara. A ciyayin fadamunsa ne wata kyanwar daji mai ɗigo-ɗigo, wadda Turawa ke kira sabal, take farauta. Tana da dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa da take jiyo motsin ɓera da su a cikin ciyawa, kuma takan yi tsallen sama da mita 2 ta cafke tsuntsu.

Jinin wannan dabba ya shiga gidajen Amurka a ranar 7 ga Afrilu, 1986, lokacin da wata kyanwar gida da aka haɗa da namijin sabal ta haihu a hannun wata mai kiwo, Judee Frank. Aka sa wa 'yar suna Sabana, sunan da ya bi irin gaba ɗaya. Ƙungiyar TICA ta fara yi masa rajista a 2001.

Ƙarancinta yana da dalili. Cikin sabal kan kai kusan kwana 74, na kyanwar gida kuwa kamar 65, don haka haɗin ba ya yawan yin nasara, kuma mazajen zuriyoyin farko ba sa haihuwa.

Halinta ne ake biya wa kuɗi. Tana bin mai ita kamar kare, tana son ruwa, tana ɗarewa kan ƙofa da tsalle ɗaya, ga ɗari-ɗari da baƙo. Idan aka kulle ta ba wasa, kayan ɗaki ne za su ɗanɗana. Amma masu sayarwa ba su cika nanata cewa duk wannan gadon daji ne, kuma yana raguwa daga zuriya zuwa zuriya ba. Ostireliya ta ɗauki gadon da muhimmanci: a 2008 ta hana shigo da irin, don tsoron ya cinye ƙananan dabbobinta.

Ita kuwa sabal ta asali, rayuwarta na rataye ne a kan fadama, ƙasar da noman shinkafa ke nema a duk faɗin kwarin Kwara. Ɓangaren Benin na W yana hannun African Parks tun 2020, kuma a Fabrairun 2022 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan gandun a can.