Kaifin da Aka Samo Daga Dishi-dishi

Duk wanda ya taɓa buɗe Photoshop don ya gyara hoton da bai fito tas ba, zai ci karo da wani suna mai ɗaure kai: Unsharp Mask. Ma'anarsa marufi marar kaifi, alhali aikinsa shi ne ƙara wa hoto kaifi. Sunan ya girmi kwamfutar da ke ɗauke da shi, domin daga ɗakin wanke hoto aka gado shi.

A zamanin fim, mai wanke hoto yakan ɗauki nagatif ya yi masa kwafi a kan wani fim, kwafin da haskensa da duhunsa suka juye, kuma da gangan yake sa shi ya yi dishi-dishi. Sai ya ɗora ɗaya a kan ɗaya, ya haska su tare a kan takarda. Kwafin yakan rage ƙarfin manyan filaye irin su sararin sama ko bango, amma ba ya iya shafe gefen abubuwa. Nan ne gashin gira da zaren riga suke tashi su fito fili.

Dabarar ta yi tasiri ne saboda halin idon ɗan Adam. Tun a 1865 masanin kimiyya Ernst Mach na Ostiriya ya bayyana cewa inda haske ya haɗu da duhu, ido yakan ƙara wa mai haske haske, ya ƙara wa mai duhu duhu. Mai wanke hoto ya taya ido abin da ya saba yi ne kawai.

Zuwan kyamarar dijital bai kawar da buƙatar ba. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa irinta ta farko, mai ɗigo 10,000 kacal, baƙi da fari. A 1976 abokin aikinsa Bryce Bayer ya sami rajistar tsarin da ya ba ta launi: kowane ɗigo launi ɗaya yake gani, ja ko kore ko shuɗi, sauran biyun kuma sai a kintata daga maƙwabtansa. Kintacen nan yana sa hoto ya yi laushi. Saboda haka, bayan Adobe ya fitar da Photoshop na 'yan'uwan nan Thomas da John Knoll a 1990, tsohuwar dabarar ta koma lissafi: a yi kwafi mai dishi-dishi, a debe shi daga na asali, a mayar da bambancin kan hoton. In hannu ya yi nauyi, sai farin layi ya kewaye fuska kamar an zana shi da alli.

A shekarar ce kuma aka harba na'urar hangen nesa ta Hubble, aka gano madubinta na da aibi. Masana suka yi amfani da lissafin da William Richardson da Leon Lucy suka fitar a 1972 da 1974 don tattaro hasken da ya watse. Ya taimaka, amma sai da 'yan sama jannati suka je a Disamban 1993 suka saka mata madubai na gyara. Abin da kyamara ba ta kama ba, lissafi ba ya haifar da shi.

Wannan iyakar ce ƙirƙirarriyar basira ta tsallake. A 2020 aka ba manhajar PULSE hoton Barack Obama da aka dusashe, sai ta fito da fuskar wani Bature, tas da ita. Ba ta kaifafa komai ba, cike gurbi ta yi da fuskokin da ta koya. A 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon da aka gyara ta irin wannan hanya a matsayin shaida a shari'ar kisan kai.

Mai wanke hoto na da, komai zaƙewarsa, abin da ke cikin nagatif yake ƙara wa ƙarfi. Yau kuwa, in ka miƙa wa manhaja hoton kakarka guda ɗaya da ya rage, ta dawo maka da shi garau, sai ka tsaya ka duba da kyau: ko idanun nan nata ne?