Tarihin Soren Kierkegaard, Mutumin da Ya Ja da Malaman Fadar Danmak

Tarihin yau na wani mutumin ƙasar Danmak ne da bai cika shekara 43 a duniya ba. Bai yi aure ba, bai riƙe muƙami ba, yaran garinsu ma sun sha binsa da ihu a kan titi. Duk da haka, yau da wuya a sami jami'ar da ake koyar da falsafa ko ilimin addini ba a ambaci sunansa ba. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi shi a hankali.

An haifi Soren Kierkegaard a birnin Kofenhagen ranar 5 ga Mayu, 1813, a lokacin da ƙasar take cikin ƙunci. A 1807 jiragen ruwan yaƙin Ingila sun yi wa birnin luguden wuta, a farkon 1813 baitulmali ya karye, a 1814 kuma aka raba Danmak da Norwe. Attajirai da yawa sun wayi gari ba su da ko anini, amma mahaifin Soren ya tsira da dukiyarsa, kuma wannan tsira ta ƙara masa tsoro ne maimakon ta kwantar masa da hankali.

Dalilin kuwa tsohon labari ne. Mahaifin nasa, Michael Pedersen Kierkegaard, ya tashi yana kiwon tumaki a ƙauyen Saedding da ke yammacin yankin Jutland, ƙasa mai iska da sanyi da talauci. Wata rana yunwa da sanyi suka ishe shi, ya hau wani tudu ya ɗaga kai sama ya zagi Ubangiji. Yaro ne a lokacin. Ba a daɗe ba kawunsa ya kai shi birni, ya shiga cinikin kayan ulu, arziki ya yi ta zuwa har ya ajiye kasuwanci yana ɗan shekara 40. Shi kuwa bai taɓa ganin wannan arziki a matsayin yafiya ba, ya ɗauke shi istidraji ne. Sannan ga wani laifin da ya tsaya masa a rai: bayan rasuwar matarsa ta fari a 1796, ya auri mai aikin gidansa, Ane Lund, tana ɗauke da cikinsa. Suka haifi 'ya'ya bakwai, Soren ne auta. Kafin ƙarshen 1834 an binne biyar daga cikinsu, an binne uwar. Cikin 'ya'yan biyar babu ko ɗaya da ya haura shekara 33. Tsohon ya sakankance cewa hukuncinsa shi ne ya binne 'ya'yansa duka, kuma Soren ya sha wannan tsoro tun yana ƙarami. Da ya cika shekara 34 sai ya rubuta a littafin ajiyar tunaninsa cewa yana zargin ko an yi kuskure wajen rubuta ranar haihuwarsa.

Ya shiga Jami'ar Kofenhagen a 1830 don karatun addini, amma ya kwashe shekaru yana yawon gidajen shan gahawa da na wasan kwaikwayo, yana cin bashi uban yana biya. A 1835, a wani ƙauyen masunta mai suna Gilleleje, ya rubuta abin da ya zama tushen tunaninsa: tara ilimi ba zai amfane shi ba muddin bai sami gaskiyar da shi da kansa zai rayu a kanta, ya mutu a kanta ba. Bayan rasuwar mahaifinsa a 1838 ya natsu, ya ci jarrabawarsa a 1840.

A shekarar nan ce aka yi masa baiko da Regine Olsen, 'yar wani babban ma'aikacin gwamnati, tana da shekara 18. Yana sonta, tana sonsa. Shekara guda bayan haka ya mayar mata da zobenta. Ta yi kuka, ta roƙe shi, mahaifinta ma ya sauke girmansa ya roƙe shi, ya ƙi. Hujjarsa ita ce baƙin cikin da ya gada da sirrin gidansu za su cinye yarinyar, kuma aure ba ya yiwuwa da ɓoye-ɓoye. Don ta tsane shi ta manta da shi, sai ya riƙa nuna mata halin mutumin banza da gangan, sannan ya tafi Balin. A ganina nan ya zalunce ta. Ya yanke hukunci a kan rayuwar mutum biyu shi kaɗai, bai ba ta damar ta ji gaskiya ta zaɓa da kanta ba, alhali shi ne zai zo ya cika duniya da maganar zaɓi. Regine ta auri Frederik Schlegel a 1847. Shi kuwa Soren har ya mutu bai daina ambatonta a rubutunsa ba.

Daga nan alƙalaminsa ya ɓalle. A 1843 ya fitar da Enten-Eller, wato Ko Wannan Ko Wancan, sai Frygt og Baeven, wato Tsoro da Makyarkyata, da wasu littattafan. Yawancinsu bai sa sunansa ba. Ya ƙirƙiri marubuta iri-iri, kowanne da halinsa da ra'ayinsa, ya bar su suna jayayya da juna, domin kada mai karatu ya jingina da shi ya ce malam ya faɗa. Yana so mai karatu ya tsinci kansa a tsakiya, dole ya zaɓa. A cikin waɗannan littattafai ya zana rayuwa iri uku. Akwai mai bin daɗi, wanda babban abokin gabansa shi ne gundura, kullum yana canza abin sha'awa har ya ƙare cikin yanke ƙauna. Akwai mai riƙon amana da haƙƙi, mijin aure, ma'aikaci nagari. Sannan akwai mai imani, wanda ya tsaya gaban Ubangijinsa shi kaɗai, babu wanda zai amsa tambaya a madadinsa.

Don ya bayyana na ukun nan ne ya ɗauko ƙissar Annabi Ibrahim (AS) da ɗansa. A Littafi Mai Tsarki na Kirista Ishaƙu ne yaron, a wajen mafi yawan malaman Musulunci kuwa Isma'ila ne, amma tambayar da Kierkegaard ya yi ta shafi duk wanda ya san ƙissar. Ya ce mun saba jin labarin daga ƙarshensa. Mun riga mun san akwai rago, shi ya sa ba ma jin komai a jikinmu. Shi kuwa Ibrahim da ya kama hanya bai san da rago ba. Ya yi tafiyar da yaron a gefensa, babu wanda zai iya yi wa bayani, domin duk wanda ya ji zai ce kisan kai ne. Kierkegaard ya kawo misalin mai wa'azi da zai yabi Ibrahim ranar Lahadi da murya mai daɗi, amma da wani cikin masu sauraro zai koma gida ya yi niyyar aikata irin haka, mai wa'azin nan ne zai fara kiransa mahaukaci ko shaiɗani. Ba yana cewa a kwaikwayi yankan ba ne. Yana nuna cewa mun mai da imani abu mai arha, muna yabon abin da ba mu taɓa tsayawa muka auna nauyinsa ba. Mu da muke yanka ragon layya kowace shekara, ya kamata wannan magana ta tsaya mana a rai: sau nawa muke tuna tafiyar da aka yi kafin ragon ya sauko?

A zamaninsa falsafar Hegel, masanin Jamus, ita ce abin yayi a jami'a, tsari ne da ke da'awar ya bayyana tarihi da addini da komai. Kierkegaard ya ce mai irin wannan tsari kamar wanda ya gina katafaren gidan sarauta ne, shi kuma yana kwana a 'yar bukka a gefensa. Ya kuma lura cewa mutum ba ya gane ma'anar abin da ya same shi sai ya waiwaya, alhali tafiyar rayuwa gaba take yi, kuma dole a yanke shawara tun kafin a ga ƙarshenta.

A ƙarshen 1845 ya tsokani wata jaridar barkwanci mai suna Corsaren, wadda manyan gari ke tsoro. Jaridar ta shafe watanni a 1846 tana zana shi da ƙusumbi da siraran ƙafafu da wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Mutumin da babban jin daɗinsa shi ne yawo a titunan Kofenhagen yana hira da kowa, daga farfesa har 'yar aiki, sai ya zama abin nuni. Waɗanda ya zaci za su kare shi suka yi gum. Daga wannan ciwo ne ya yi rubutunsa a kan taron jama'a: mutum idan ya shige cikin taro yakan aikata abin da ba zai iya yi shi kaɗai ba, domin laifin ya rabu har babu wanda zai ce nasa ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa mutum rubdugu a Facebook ya san abin da yake nufi.

Babbar rigimarsa ta zo a ƙarshe. A Danmak ta wancan lokaci cocin Luther na gwamnati ne, limamansa ma'aikatan sarki ne, kusan kowane jariri ana yi masa baftisma bisa doka. Kowa Kirista ne tun daga haihuwa. Kierkegaard ya ce inda kowa ya zama mai imani ba tare da ya zaɓa ba, ba tare da ya rasa komai ba, to imanin ya tafi, suna ne ya rage. A Janairun 1854 babban bishop Mynster ya rasu, mutumin da ya kasance limamin mahaifin Kierkegaard. Farfesa Martensen, wanda ya gaji kujerar, ya yi masa yabo ya jera shi cikin shaidun gaskiya tun daga manzannin Almasihu. Kierkegaard ya haɗiye maganar kusan shekara guda, sannan a Disamba ya fashe a jarida. Ya ce shaidar gaskiya shi ne wanda aka wulaƙanta, aka daka, aka ɗaure saboda ita, ba wanda ya rayu cikin daraja da albashi da lambobin girma na fada ba. A 1855 ya riƙa buga wata ƙasida da kuɗinsa mai suna Oejeblikket, fitowa tara, har yana kiran mutane su daina zuwa coci. A wasu wuraren ya wuce gona da iri, musamman inda ya riƙa aibata aure da haihuwa. Amma tambayarsa ta asali tana nan daram: malamin da abincinsa ke hannun mai mulki, yaya zai yi ya faɗa masa gaskiya?

A farkon Oktoba 1855 ya yanke jiki ya faɗi a titi, aka kai shi Asibitin Frederik. Ya ƙi karɓar jibin Ubangiji daga hannun limamin gwamnati, ya ƙi ganin wansa Peter, wanda shi ma limami ne. Ya rasu ranar 11 ga Nuwamba, gadon da ya samu ya kusa ƙarewa. Abin da ya rage ya yi wasiyya a ba Regine, wadda a lokacin tana tsibiran Danmak na yankin Karibiyan inda mijinta yake gwamna, ba ta karɓa ba. Aka yi masa jana'iza a babban cocin birnin, cocin da ya yaƙa. A bakin kabari ɗan 'yar'uwarsa, Henrik Lund, ya ɗaga murya ya yi tir da hakan, daga baya aka ci shi tara.

Ba a fahimtar Danmak ta wannan zamani sai an ambaci Grundtvig, wanda aka haifa a 1783 ya rasu a 1872. Shi ma ya ga mutuwar zuciya a cocin gwamnati, shi ma ya sha wuya, domin a 1826 kotu ta same shi da laifin ɓata sunan wani farfesa aka sa wa rubutunsa takunkumi na shekaru. Sai dai maganinsa ya bambanta. Shi ya yi imani da jama'a, da waƙa, da harshen uwa, da magana baki da baki. Ya ce makarantar Latin da haddar jarrabawa tana kashe yara, ya nemi a buɗe wa 'ya'yan manoma makarantun da babu jarrabawa, a koya musu tarihinsu da harshensu. An buɗe ta farko a Roedding a 1844. Bayan Danmak ta sha kashi a yaƙin 1864, waɗannan makarantu suka yaɗu, kuma ɗalibansu na cikin waɗanda suka riƙe ƙungiyoyin gama-kai na manoma, irin masana'antar madara ta Hjedding da aka kafa a 1882. Kamfanin Arla mai madarar Dano da ake sayarwa a kasuwanninmu daga wannan tsatso ya fito. Kierkegaard bai ga Grundtvig da gashi ba, yana ganin hayaniyarsa ta fi zurfinsa, ga shi kuma wansa Peter yana cikin mabiyansa.

A gida Grundtvig ne ya ci nasara, har yau waƙoƙinsa ake rerawa a coci da makaranta. Kierkegaard kuwa sai da aka fassara shi zuwa Jamusanci sannan duniya ta farga. Marubucin Sifaniya Unamuno ya karanta shi da harshen Danmak, masana irin su Karl Barth da Heidegger da Sartre duk sun ɗiba daga gare shi, kuma daga shekarun 1930 fassarar Turanci ta kai shi Amurka. Wanda yake son ya karanta shi da kansa, ina ba shi shawara ya fara da Tsoro da Makyarkyata. Ƙaramin littafi ne, ana samunsa da Larabci da Turanci da Faransanci.