Yadda Aka Fara Naɗar Aikin Manhaja Domin Gano Kuskurenta

Kuskuren da ya fi wahalar da masu rubuta manhaja shi ne wanda ke bayyana yau, gobe a neme shi a rasa. Bakaniken Damagaram ya san irinsa: mota ta yi ta shaƙewa a hanyar Tanut, amma da an shigo da ita gareji sai ta tashi lafiya lau. Dabarar naɗar aikin manhaja da sake kunna shi an ƙirƙiro ta ne don maganin wannan matsala, ta yadda abin da ya faru sau ɗaya zai sake faruwa daidai-wa-daida a gaban duk wanda ke son bincikensa.

Da farko a takarda ake adana shaida. Masu kula da kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka suna da littafin da suke rubuta duk abin da ya auku, kuma a ranar 9 ga Satumba 1947 sun manna wani ƙwaro da suka ciro daga cikin injin a shafin wannan rana. Daga baya aka koma buga abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta a daidai lokacin da manhaja ta tsaya cik. Wannan yana nuna halin da aka ƙare a ciki, amma ba ya nuna hanyar da aka bi aka kai can, alhali sau da yawa ɓarnar ta faro tun miliyoyin matakai a baya.

A 1969 Robert Balzer na cibiyar RAND ya gabatar da EXDAMS, tsarin da ke ajiye tarihin aikin manhaja a kan faifai, har mai bincike ya iya bin sa gaba ko baya. Matsalarsa ita ce nauyi, domin adana kowane mataki yana cin wuri kuma yana rage gudu. Mafita ta zo daga lura da ɗabi'ar kwamfuta: idan aka ba ta umarni iri ɗaya da bayanai iri ɗaya, sakamako iri ɗaya take bayarwa. Don haka abin da ya kamata a naɗa shi ne abin da ke shigowa daga waje kawai, wato maɓallin da aka danna, saƙon da ya zo ta intanet, lokacin da agogo ya nuna, da jerin yadda ayyukan da ke gudana tare suka karɓi juna. A 1987 Thomas LeBlanc da John Mellor-Crummey na Jami'ar Rochester suka fito da Instant Replay, wanda ke adana wannan jeri kaɗai. A 2002 kuma masu bincike a Jami'ar Michigan suka gina ReVirt domin sake duba yadda masu kutse suka shiga kwamfuta.

Daga nan fasahar ta fita daga jami'o'i. Kamfanin VMware ya sa ta a cikin manhajarsa ta Workstation 6 a 2007, ya janye ta a 2011. Manhajar bincike ta GDB ta sami damar komawa baya a 2009, sai dai da jinkiri mai yawa. Babban ci gaba ya zo daga Mozilla, masu burauzar Firefox, waɗanda gwaje-gwajensu kan faɗi jefi-jefi ba tare da an san dalili ba. Robert O'Callahan da abokan aikinsa suka gina rr, wanda aka fitar a 2014. Dabarar rr ita ce ya tilasta wa ayyukan manhaja su bi layi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi amfani da ma'aunin da ke cikin injin kwamfutar wajen ƙidaya daidai inda kowane abu ya faɗo. Mai bincike yakan tsaya a wurin da manhaja ta mutu, ya sa ido a kan lambar da ta lalace, ya umarci kwamfutar ta koma baya har zuwa layin da ya sauya ta. A 2017 Microsoft ma ya fitar da irin wannan a cikin manhajarsa ta bincike, WinDbg.

Canjin da ya fi tasiri ya shafi aikin haɗin gwiwa. A da, mai gwaji yakan rubuta abin da ya gani, mai gyara ya gwada a tasa kwamfutar, ya dawo da amsar cewa shi bai ga komai ba, a yi ta ja-in-ja. Da naɗi ya samu, sai shaida ta zama abin da ake miƙawa hannu da hannu. Dandalin Pernosco, wanda O'Callahan da Kyle Huey suka kafa, da na Replay, wanda ya samo asali daga wani aiki na Mozilla, sun ɗora naɗin a intanet, inda mutane da dama ke buɗe shi su bar bayani a kan daidai lokacin da suke magana a kai.

Fasahar tana da iyaka. Naɗi yana rage gudun manhaja, fayilolinsa kan yi girma, kuma yakan ƙunshi kalmomin sirri da bayanan abokan hulɗa, don haka wajibi ne a san hannun da zai shiga. Duk da haka rr kyauta ne, yana aiki a kan Linux, kuma kowa na iya karanta yadda aka rubuta shi. Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja a Zinder zai iya naɗar kuskurensa a kwamfutarsa, ya aika wa ƙwararre a Yamai ko Kano, su bi sawunsa tare har su kai ga tushensa.