Yadda Likitoci Suka Koyi Warkar Da Ciwon Fargaba

Yau za mu ba ku tarihin maganin wata cuta wadda ba ta da ƙurji ko kumburi, amma ta kan hana mutum barci da neman abinci. Ita ce ciwon fargaba. Mai ita kullum gabansa na faɗuwa, zuciya na bugawa, gumi na karyo masa, yana zullumin abin da bai faru ba.

Kada ka ce wannan cutar Turawa ce. Wani malami na ƙasar Khurasan, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu cikin 934, ya yi bayaninta a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus. Ya nuna cewa kamar yadda mai lafiya kan ajiye magani a gida don ɓacin rana, haka ya kamata ya tanadi kyakkyawan tunani da zai kori mugun tunani in ya taso.

Amma an daɗe ba a bi wannan hanya ba. A Nijeriya, sa'ad da aka buɗe gidan masu taɓin hankali a Yaba ta Ikko cikin 1907, tsarewa kawai a ke yi. Mai fargaba kuwa ba ya dukan kowa, saboda haka ba wanda ya kula da shi.

Cikin 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya komo daga karatu a Ingila, ya kama aiki a asibitin Aro kusa da Abeokuta. Ya sa aka sauki majiyyata a ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, su zo asibiti da rana, su kwana cikin mutane. Ya gane cewa hankali ya fi kwanciya kusa da dangi.

Sa'an nan cikin 1958 wani likita na Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya bayyana wata dabara. A koya wa majiyyaci sakin jiki, kana a kusantar da shi ga abin da ya ke tsoro kaɗan kaɗan, kamar yadda a ke sabar wa ɗan doki da linzami. Bayansa Aaron Beck na Amurka ya koya wa majiyyata su riƙa tuhumar tunaninsu: shin abin nan da na ke tsoro, wace shaida gare ni cewa zai faru? Ka ga an komo kan maganar al-Balkhi ke nan.

Yanzu an haɗa dabarun nan biyu. Majiyyaci kan zauna da gwanin da aka horar, galibi sau ɗaya a mako har 'yan watanni, a ba shi aikin da zai gwada a gida. Wani kuma likita kan haɗa masa da ƙwaya.

To, mai karatu, in fargaba ta yi watanni tana hana ka aiki, kada ka ɓoye don kunya, kada kuma ka sayi ƙwayar barci a kasuwa, gama ta kan kama jiki. Tafi asibiti a fara duba ka, don wani ciwon maƙoshi ko na zuciya kan yi kama da ita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau ta Kano. Ka tafi da wani naka. Allah ya ba mu lafiya, amin.