Libarbar da ta ƙi yin tsatsa

Wata ranar Laraba, bayan na sauka daga shirin da nake gabatarwa a kan tarihin unguwanninmu, na tarar da wani saurayi yana jirana a ƙofar gidan rediyo. Ya ce kakansa ne ya aiko shi daga Zongon Agoe, wai yana da wani abu na zamanin Jamus da yake so in gani. Duk mai yin irin shirina ya san wannan kira. Sau da yawa in ka je, tsohuwar fitila ce ko kwabo mai huji. Duk da haka na je, don ba a raina kiran dattijo.

Tsohon ya haura shekara tamanin. Bayan mun gaisa ya sa aka rufe ƙofar zaure, ya jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya warware wani tsohon rawani. Sai ga libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai tulun harsashi da ke juyawa. Fara ce sol, gajeriya, ba harsashi a cikinta, amma jikinta duk ya karce, musamman gefen dama, kamar an ja ta a kan siminti.

"Ɗana," in ji shi, "wannan ta kakana ce. Sojan Jamus ne, da ita ya yi yaƙi. So nake ka nemo mini maƙerin da zai goge mini ita ta dawo sabuwa kafin in bar wa yaran nan."

Na karɓa da hannu biyu ina jujjuya ta. Karcen bai dame ni ba. Rashin tsatsar ne ya tsaya mini a rai. Mu da ke zaune a Lome mun san aikin iskar teku. Kwado sabo fil, damina biyu ta ishe shi ya yi ja. To yaya ƙarfen da aka ce ya haura shekara ɗari a bakin gishiri zai zauna fari haka?

Kafin in faɗi abin da ƙarfen ya nuna, bari in ba tsohon gaskiyarsa, don labarin da ya gada ba tatsuniya ba ce. Tarihin Lome da na bindiga tare suka taso. A 1874 Ingilishi suka kama Keta, suka ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan barasa da taba da albarushi da bindigogi. 'Yan kasuwa suka matsa gabas zuwa Denu da Aflao. A 1879 Ingilishi suka haɗiye waɗannan ma, sai 'yan kasuwar suka ƙara taku kaɗan, suka tsallake iyaka suka kafa rumfuna a bakin rairayin da ke kusa da ƙauyen Be, wajen 1880. Wannan ita ce Lome. A gaskiya fasa-ƙwauri ne ya haife ta, kuma albarushi na cikin kayan goyonta. Fatakenmu masu bin hanyar Salaga suka ji labarin sabuwar kasuwa mai araha, suka gangaro, suka yi masauki a gefen gari, aka kira shi Zongo kamar yadda ake kiransa ko'ina.

Bindigar da aka fi sayarwa a lokacin ita ce adaka, wadda wasu ke kira harbi-ka-ruga: a ɗura albarushi ta baki, a danna, ƙanƙara ta ƙyasta wuta. Turawa suna danganta ta da mutanen Danmak, waɗanda suka gina ganuwarsu a Keta tun 1784. Ita kam Turawa ba su yi mana rowarta ba. Da suka zauna a Brussels a 1890 suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar taƙaita shigo da makamai, sai suka toshe hanyar bindigogin zamani a galibin Afirka, suka bar ƙofar adaka da albarushinta a buɗe. Ma'ana, mai ƙasa ya riƙe wadda ke ɗaukar minti guda kafin a sake ɗura ta, baƙo ya riƙe wadda ke harbi a jere.

Sai dai baƙon ba shi da yawa, dole ya nemi hannun da zai riƙe masa bindigar. A nan ne sunanmu ya shiga. Tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara wata 'yar runduna a Legas, galibinsu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga nan al'adar ta bazu a gaɓar teku: in Bature yana son soja, sai ya ce a nemo masa Bahaushe. Jamusawa da suka kafa tutarsu bayan yarjejeniyar da Gustav Nachtigal ya ƙulla a Baguida ranar 5 ga Yuli 1884, su ma wannan hanya suka bi. A 1885 suka kafa rundunar 'yan sandan Togo, kuma mutanen farko da suka ɗauka Hausawa aka kira su. Na ce "aka kira su" ne da gangan. A bakin Bature na lokacin, duk wanda ya fito daga arewa, yana jin Hausa ko yana sallah, Bahaushe ne. Cikinsu akwai Gurunsawa da Mosawa da Zabarmawa da Yarbawa. Da yawa daga cikin gidajen Zongo na yau, in ka bi salsala, a bariki kakansu ya koyi Hausa.

Aikin da aka sa su ba duka ne abin alfahari ba, kuma bai kamata mu riƙa tsallake wannan ba in muna ba yara labari. Ranar 4 ga Disamba 1896, a Adibo kusa da Yendi, 'yar ƙaramar runduna ƙarƙashin Valentin von Massow ta gamu da dubban mayaƙan Dagomba masu adaka da mashi. Dagombawa suka zube kafin su iso inda harsashinsu zai kai. Jamusawan da ke wurin ba su fi a ƙirga da yatsu ba; waɗanda suka danna kunamar bindiga baƙaƙe ne irinmu, kuma waɗanda aka harba maƙwabta ne da fatakenmu ke kwana a garuruwansu. Haka aka yi a ƙasar Konkomba da ta Kabiye a shekarun da suka biyo baya.

Ƙarshen wannan runduna ya zo ne a dalilin sana'ata, shi ya sa nake son wannan gaɓa. Jamusawa sun gina wata babbar tashar wayar iska a Kamina, kusa da Atakpame, wadda ke magana kai tsaye da Nauen a Jamus, tana isar da saƙo ga jiragen ruwansu da sauran ƙasashen da suka mallaka a Afirka. Da yaƙin duniya ya ɓarke a Agustan 1914, ita ce Ingila da Faransa suka sa a gaba. Jamusawa suka bar Lome ba faɗa, suka ja arewa da sojojinsu da ba su kai dubu ba. Ana ɗaukar Alhaji Grunshi, sojan rundunar Gwalkwas, a matsayin sojan Ingila na farko da ya yi harbi a dukan yaƙin, kuma a nan ƙasar Togo ya yi shi. Dubi sunan da kyau: Alhaji, kuma Bagurunshe. An gwabza a kogin Kra ranar 22 ga wata, inda masu jin Hausa suka harbi juna daga ɓangarorin biyu. Daren 24 ga wata Jamusawa suka rusa tashar da hannunsu, ranar 26 suka miƙa wuya.

To, kakan tsohon nan yana iya kasancewa a cikin duk wannan. Amma sojan Jamus baƙar fata doguwar bindiga yake ɗauka, galibi Mauser samfurin 1871 mai harsashi ɗaya. Ƙaramar bindiga ta hafsa ce, kuma tasu baƙa ce, an rina ƙarfenta don ya jure tsatsa. Akwai fararen libarba a wancan zamani, amma farinsu shafe ne na wani ƙarfe da ake kira nikel, kamar yadda ake shafa wa zoben tagulla ruwan azurfa. In ta karce, shafen yakan ɓare, baƙin ƙarfe ya leƙo daga ƙasa, tsatsa ta kama wurin.

Na matsa bakin ƙofa inda haske yake, na duba karcen da ya fi zurfi. Cikinsa fari ne kamar wajensa, ba ɓawo, ba ja. Karcen da tsohon ke so a shafe shi ne ya zama tsagar fuska, ya faɗi asalin mai ita. Wannan ƙarfe mara tsatsa ne tun daga fata har ɓargo.

Shi kuwa wannan ƙarfe yana da ranar haihuwa. A 1912 kamfanin Krupp na Jamus ya yi rajistar wani nau'insa. A 1913, a birnin Sheffield na Ingila, wani masanin ƙarfe mai suna Harry Brearley yana neman maganin yadda zafin harbi ke cinye cikin bututun bindiga, sai ya haɗa ƙarfe da sinadarin kuromiyam kusan kashi 13 cikin ɗari, ya ga ruwa da tsami ba sa kama shi. Abin mamaki, binciken bindiga ne ya haifar da shi, amma wuƙaƙen cin abinci ne suka fara moriyarsa. Sirrinsa shi ne, in kuromiyam ya kai kashi 10.5 cikin ɗari, yakan haɗu da iska ya yi wata fata siririya wadda ido ba ya gani. In aka karce ta, sai ta sake rufe kanta. Sai da aka yi fiye da shekara hamsin kafin maƙeran bindiga su iya sarrafa shi a kasuwa, don yana da wuyar yanka. Libarba ta farko da aka ƙera gaba ɗaya da shi don sayarwa ita ce Model 60 ta kamfanin Smith & Wesson na Amurka, a 1965. Shekara hamsin da ɗaya ke nan bayan Jamusawa sun bar Togo.

Gyaran da tsohon ke nema ba wani abu mai wuya ba ne, duk mai wanke tukwanen silba zai gane shi. Tunda farin ba shafe ba ne, ba a cike karce, sai dai a rage ƙarfen da ke kewaye da shi har su yi daidai. A fara da samfefa mai ɗan kaushi, a koma mai laushi, a riƙa bin layin da masana'anta ta bari ba a gicciye shi ba, sannan a ƙare da ƙyalle da man gogewa. Ba a taɓa shi da burushin baƙin ƙarfe ko magagarin da ya ci wani ƙarfe, don ɓurɓushin da zai bari shi ne zai yi tsatsa. Matsalar ita ce kowace gogewa ragi ce. Gefuna masu kaifi sukan daƙushe, rubutun da aka buga ya dushe. Masu tara kayan tarihi sun fi daraja bindiga da tabonta a kan wadda aka goge. Hukuma kuwa ta fi su tsanani, don lambar da ke jiki ita ce shaidar bindiga. Yarjejeniyar ƙananan makamai da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta wajabta wannan alama, kuma cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kwance ɗamara a Afirka a nan Lome take tun 1986. Bindiga mara takarda laifi ce. Wadda aka goge har lambarta ta ɓace, laifi biyu.

Na daɗe ina neman bakin da zan faɗa masa. Daga ƙarshe na ce, "Baba, a gafarce ni. Kaka ya yi soja, ban musa ba. Amma wannan bindigar ƙanwata ce a wajen tarihi, ko 'yancin kan Togo ya girme ta."

Ya yi shiru har na fara da-na-sanin zuwa. Can ya ce shi bai taɓa ganinta a hannun mahaifinsa ba. A akwatin ya same ta bayan tashin 1977, lokacin da gwamnati ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari aka kwaso mutane zuwa nan, kilomita goma sha biyar arewa. Gidansu gidan saukar baƙi ne, fataken shanu da na goro suna barin ajiya wata da watanni. Ranar da motocin rusau suka zo, kowa ya tura abin da hannunsa ya kai cikin akwatin da ya samu. Da ya buɗe daga baya ya ga bindiga kusa da kayan kakansa, sai ya haɗa biyu da biyu. Shekara arba'in da 'yan kai yana ba 'ya'yansa labarin, ba wanda ya tambaya.

Muka yi shawara babban ɗansa ya kai ta ga hukuma yadda take, ba tare da samfefa ta taɓa ta ba. Ya amince, ko da yake na ga abin ya yi masa nauyi.

Ina shirin tashi sai ya ce in tsaya, ya sake laluben akwatin, ya fito da wani ɗan bututun tagulla mai toshiyar fata. Tandun kwallin kakarsa ne, in ji shi, mijinta ya kawo mata daga bariki. Kwanson harsashi ne, babba, mai baki a gindi irin na da. Na aika saurayin ya aro ma'auni wurin wani makanike, muka auna bakin: milimita 11. Wannan shi ne awon Mauser ta 1871. Amma bindigar Gras da Faransawa suka ba sojojinsu na Afirka ita ma milimita 11 ce, don haka abin da zai raba gardama shi ne haruffa da shekarar da ake bugawa a gindin kwanso. Na juya shi da sauri.

Gindin sumul yake kamar madubi. Tsohon ya ce ai kakar tasa mace ce mai tsafta, duk Juma'a sai ta goge shi da toka da tsamiya.