Biyanu: Dandalin Agadas Tun Kafin Zuwan Jami'a

A shekarar 2014 aka kafa Jami'ar Agadas, amma birnin ya daɗe da dandalinsa. Daga watan Zulhajji zuwa Ashura, bikin Biyanu kan raba gari gida biyu, ƴan gabas da ƴan yamma, kowane ɓangare da makaɗansa. Samari sanye da rawunan turkuɗi kan zaga unguwanni suna rawa, su kwana a Alarses, su komo riƙe da ganyen dabino, su kai gaisuwa fadar Sarkin Abzin. A 2013 UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya. Magina na yaɓe hasumiyar masallaci. Adana kiɗan da rawar kuwa ya rataya a wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu.